Awon Baƙin Mai a Gangaren Yelwa

"Ni dai abin da na sani, sha take yi," in ji Arzika. "Shekaranjiya na ƙara mata, jiya na ƙara, yau kuma ga shi ka gani da idonka. Geji ko jiƙewa bai yi ba sai ɗan bakinsa."

Jacob ya karɓi siririn ƙarfen awon man, ya ɗaga shi sama ya juya a hasken hantsi. Arzika bai yi ƙarya ba, baƙin man bai kai ko layin ƙasa ba.

"Hayaƙi fa?"

"Akwai, alhamdu lillahi. Shuɗi, mai kyau."

"Mai kyau?" Jacob ya dube shi ta saman tabarau. "Kai da wa kuka zauna kuka ce mai kyau ne?"

"Bar wasa, Jacob. Faɗa min gaskiya kawai. In injin wagga mota ya mutu, in sani tun da wuri."

A bakin ruwan Yelwa suke, ranar kasuwa. Motar tsohuwa ce, babba, mai shan gas, mai dogon hanci da bodin katako. Arzika ya gangaro da ita da baya tun da safe har kusa da ruwa, ya sa duwatsu a bayan tayoyi, don 'yan dako su sami sauƙin kwaso albasa daga jirage. Jiragen na nan jere sun yi ƙasa da nauyi, warin albasa ya danne na kifi. Hajiya Balaraba, mai kayan, tana zaune a kan buhu ɗaya tana fifita da gefen mayafi, idonta a kan mutanen biyu da suka tura kawunansu cikin bakin mota.

Jacob makaniki ne, mutumin Wara, ya daɗe da gareji a Yelwa. Sanin da ke tsakaninsu ya samo asali ne tun lokacin da Arzika ke tuƙa jirgin ruwa mai inji, yana ƙetarar da shi zuwa ƙauyukan tsallake gyaran injunan ban ruwa. Jacob bai taɓa sabawa da ruwa ba. Daga shigarsa jirgi har fitarsa hannunsa na riƙe da katako, bakinsa na motsi da addu'a, kuma har yau Arzika bai bar tsokanarsa da hakan ba. Amma yau babu tsokana a bakin Arzika. Direbobi biyu a tasha sun riga sun gaya masa cewa injin da ke shan mai haka ya cinye kansa daga ciki, sai an sauke shi gaba ɗaya. Shi kuwa ba shi da kuɗin sauke inji. Jirginsa da injunansa biyu ya sayar ya sayi motar nan, ba abin da ya rage. In ta tsaya, ruwa zai koma, kuma a jirgin wani, bayan ya yi wa Innarsa alkawarin ya bar ruwa har abada.

Ya sunkuya ya ɗauko galan ɗin da ya sayo da safe, ya fara murza murfin.

"Bari dai in cika mata, ko ta kai kayan Hajiya ta dawo."

Jacob ya dafa hannunsa. "Kada ka zuba ko ɗigo. A ina kake awon nan kullum?"

"A nan mana."

"A nan ina?"

"Nan inda take tsaye. Ina kuma? Mutum a bakin ruwa yake duba injinsa kafin ya tashi. In na gangaro na kashe ta, sai in buɗe in duba, kafin 'yan dako su fara."

"Da kashewa sai dubawa?"

"To mi zan jira?"

"Lokacin da ka saye ta, a nan kake tsayawa?"

Arzika ya juya ya nuna can sama, wajen rumfunan masu ƙyafe kifi, inda ƙasa ta shimfiɗe a ƙarƙashin wata tsamiya. "Can nike tsayawa. Lokacin ruwa ya cika, jirage har gindin tsamiya suke zuwa. Da zafi ya shigo ruwa ya fara ja baya, sai munka riƙa bin shi."

Jacob ya dubi tsamiyar, ya dubi doguwar gangaren da ke tsakaninta da motar, ya dubi hancin motar da ke kallon sama kamar saniyar da ta ji kira. Ya mayar da gejin raminsa, ya goge hannu a wando.

"Tada ta mu hau tudu."

"Kai Jacob, ina za ku kai min mota?" Hajiya Balaraba ta miƙe. "Albasata na dahuwa a rana, ku kuna shawara kamar masu neman aure."

"Hajiya, ki yi haƙuri. Gara ta dahu a nan kusa da gida da ta dahu a daji bayan Kontagora."

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Malam Arzika, wanga abokin naka ba ya fatan alheri."

"Haka Allah ya yi shi, Hajiya. Yanzu za mu dawo in sha Allahu."

Da ƙyar motar ta hau. Shuɗin hayaƙi ya turnuƙe bayanta har masu tallar gyaɗa suka toshe hanci. Jacob na zaune a gefen direba da jakar kayan aikinsa, idonsa a kan allurar da ke nuna ƙarfin tafiyar mai, wadda ke rawa tana faɗuwa tana tashi. Ya sa Arzika ya wuce kasuwa zuwa filin da ake shanya shinkafa, wurin da ƙafafu da tsintsiya suka daidaita shi sumul. Nan suka tsaya.

"Kashe. Yanzu kuma zo mu zauna."

"Mu zauna?"

"Man da ke yawo a sama sai ya gangaro ya kwanta tukuna. Ka saya mana kunu, kai ne mai mota."

Suka zauna a inuwar wani mangwaro. Arzika ya riƙe kofin kunun zaƙi bai sha ba. Mutum ne dogo, baƙi, ya haura hamsin, tafin hannunsa har yanzu da kantar igiya. A ruwa ya buɗe ido. Iyayensa na cikin waɗanda suka tashi daga tsibiri lokacin da tafki ya cika, suka zauna a gaɓa, amma mahaifinsa bai yarda ya zama manomi sosai ba. Da gorar tura jirgi da filafilin tuƙi ya ciyar da gidansa. Arzika ne ya fara ɗaura inji a jirgin gidansu, kuma ya yi suna da shi. Mata masu zuwa kasuwar Wara sukan bar jirage uku su wuce suna jiran nasa, domin ba ya cika kaya fiye da ƙima, kuma ba a taɓa jin injinsa ya yi tari ba.

Sai sau ɗaya kawai, yana saurayi. Injin jirgi irin nasu a cikin fetur ake zuba masa baƙin mai, a girgiza jarka su gauraye, ya sha su tare. Ran nan ya sayi fetur haɗaɗɗe a hannun wani, ashe man da ke ciki bai isa ba. Suna tsakiyar tafki, inda ba a ganin gaɓa sosai, injin ya yi ƙara ya ƙame. Iska ta yi ta tura su, da mata da jarirai da buhunan gero, har Allah ya kawo wasu masunta suka ja su. Tun daga ranar ba wanda ya sake yi masa haɗi. Da gwangwanin tumatir yake aunawa da hannunsa, in ya gama kuma ya ƙara ɗan kai. In ya ja igiya ya ga shuɗin hayaƙi ya kwanta a kan ruwa, sai hankalinsa ya kwanta, ya san mai ya ratsa. Haka ya yi shekara da shekaru, kuma hakan bai taɓa ba shi kunya ba.

Inna ce ta fitar da shi daga ruwa. Da idonta ya rufe, sai kunnenta ya buɗe. Ko iska kaɗan ta kaɗa kwanon rufi, za ta lalubo bakin ƙofa ta zauna, ba ci ba sha, sai ta ji sallamarsa. Halimatu, matarsa, ta yi lallashi har ta gaji. Wata damina ya dawo a jiƙe ya tarar da tsohuwar a bakin ƙofa ita ma a jiƙe, ta ƙi a shigar da ita. Bai yi doguwar magana ba. Kaka na yi ya sayar da jirgin, ya koyi tuƙi a hannun wani direban tifa, Jacob ya raka shi har Kontagora suka ga motar nan. Inna ta shafa ƙarfen ƙofarta da hannu, ta ce ko ba komai in ta lalace a ƙasa za ta tsaya.

"Ka yi shiru," in ji Jacob.

"Tunani nike. Ya'u mai jirgi ya ce in ina so akwai wuri a wajensa. Ni dai yadda zan faɗa wa Inna ne ban sani ba."

"Sha kununka. Ba a kai nan ba tukuna."

"An kai ko ba a kai ba, ka san wani abu ka ƙi faɗi. Na san fuskarka. Haka kake yi in igiyar ruwa ta taso, ka yi kamar kana lissafi."

"Ni da na shiga jirginka don dole? Allah ne kawai ya yi da sauran kwanana."

Arzika ya yi ɗan murmushi, na farko tun safe.

Da Jacob ya ga an jima, ya miƙe, ya ciro tsumma mai tsabta daga aljihu ya miƙa masa. "Kai za ka auna, ba ni ba. Zaro. Kada ka duba na farko, goge shi tas. Yauwa. Mayar da shi har ya zauna, kada ka bar shi a rabi. To, zaro, ka riƙe shi a kwance."

Arzika ya zaro. Man ya wuce layin ƙasa, ya wuce layin sama, ya haura kusan tsawon yatsa a kan ƙarfen, da 'yan ƙananan kumfa a jikinsa. Ya ƙura masa ido. Ya goge, ya mayar, ya sake zarowa. Haka dai.

"Ikon Allah. Daga ina wanga mai ya fito?"

"Daga galan ɗinka. Duk wanda ka zuba yana nan, sai ɗan abin da ta ƙona da wanda ta zubar."

"To ɗazu ina ya tafi?"

"Kai zan tambaya, sarkin ruwa. In ka ja goshin jirgi kan gaɓa, ruwan da ke cikinsa ina yake taruwa?"

"Baya."

Ya faɗa da sauri, sannan ya tsaya. Ya juya ya kalli wajen tafki, ko da yake rumfunan kasuwa sun tare shi.

"Geji kuma a gaba yake," ya ce a hankali.

"A wannan injin, a gaba yake. Kaskon da mai ke kwanciya dogo ne. Ka ɗaga mata hanci, mai ya gudu baya, ga shi rabinsa bai ma sauko daga sama ba don yanzu ka kashe. Ka zura geji ya taɓo busasshen wuri. Kullum ruwa na ja baya, kullum kana ƙara gangarawa, kullum geji na ƙara yi maka ƙarya."

"Ni kuwa ina ta ɗura mata."

"Kana ta ɗura mata."

Arzika ya shafa gemu. "To ai da sauƙi ke nan. Yawan mai ba ya kashe inji. Rashinsa ne ke kashewa, wannan na gani da idona."

"A jirgi ke nan. Injin jirgi da mansa da fetur ɗinsa tare yake ƙonawa, hayaƙin shi ne shaidarka. Wannan kuwa ba a so ya ƙona ko cokali. Mansa a kasko yake zaune, famfo ya ɗauka ya zagaya da shi ya dawo. In ya yi yawa, ƙaton ƙarfen da ke juyawa a ciki sai ya riƙa dukansa kamar maburgi a tukunyar miya. Ka ga kumfar nan? Ita famfo ke turawa. Kumfa kuwa iska ce, ba ta hana ƙarfe cin ƙarfe. Abin da ya sa allurarka ke rawa ke nan. Sauran kuma ya nemi hanya ta ko'ina, ya fasa robar da ke tare shi ya ɗiga, ya hau sama ya ƙone. Shi ne shuɗinka mai kyau."

"Ke nan da hannuna na..." Arzika bai ƙarasa ba. "Ya ci kansa?"

"Ban sani ba tukuna. Miƙo min daron da ke cikin mota da sifana in kwance noti."

Jacob ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin motar. Arzika ya durƙusa a gefe yana riƙe da daron. Notin gindin kaskon ya saki, man ya zubo da ɗumi, baƙi wuluk. Jacob ya tara yatsu biyu, ya murza, ya fito da hannun cikin rana yana dubawa. Ya shinshina.

"Mi kake nema?"

"Abu uku. In ya yi fari-fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga. In ya tsinke yana warin gas, gas ke zuba ciki, shi ma yana sa geji ya hau. In kuma yana ƙyalli kamar an barbaɗa garin ƙarfe, to sai mu yi wa Ya'u magana."

Arzika bai dubi man ba, fuskar Jacob yake duba. Jacob ya karkata daron, ya bar man ya gudana siriri a gefe, ya bi shi da ido. Ya sake tarar wani ya murza. Wani mai keke ya wuce da sallama, ba wanda ya amsa sai daga baya.

"Ban ga ƙyalli ba," in ji shi. "Amma sai mun ji da kunne."

Ya ɗaure notin. Suka jira, suka auna, har yanzu da sauran yawa. Ya sake saki kaɗan, ya ɗaure. A awo na gaba man ya tsaya tsakanin layukan biyu, ya fi kusa da na sama.

"Nan ne gidansa," in ji Jacob. "Wannan injin, in an yi juye an canza filta, galan huɗu da ɗoriya yake ɗauka. Wata motar ta fi haka, wata ba ta kai ba, kowace da cikinta. Kada ka bi bakin mai sayar da mai, kada ka bi na direbobin tasha. Zuba kaɗan, jira, auna. Tsakanin layin nan da wancan duk lafiya ne. Ba a yi mata gyara irin na masu awon gero."

"Ko ɗan kai?"

"Ko ɗan kai. Hau ka tayar."

Arzika ya hau, ya yi bisimilla, ya murza makulli. Injin ya kama. Allurar ta tashi a hankali, ta kai tsakiya, ta tsaya cik. Ya zuba mata ido yana jiran ta fara rawar da ta saba. Ba ta yi ba. A ƙasa Jacob ya ɗauki dogon sukudireba, ya dafa bakinsa a jikin injin, ya manna kunne a ƙotar. Ya matsa gaba ya saurara, ya matsa baya ya saurara, ya zagaya ɗaya gefen. Ya ɗaga hannu alamar a taka, Arzika ya taka, ya sauke hannu, Arzika ya saki. Hayaƙin na nan, amma ya fara sirancewa.

Jacob ya zo gindin ƙofa yana goge sukudireban.

"Sauko, malam. Bana dai ba za ka koma ruwa ba."

Arzika ya kashe motar. Bai sauko nan take ba. Ya dafa sitiyari da hannu biyu, ya sunkuyar da kai, leɓɓansa na motsi. Jacob ya juya baya ya shiga tattara kayan aikinsa har Arzika ya gama.

"Kada ka yi murna da yawa," ya ce da Arzika ya sauko. "Robar gaba ta fashe, tana ɗiga. Za ta kai ka ta dawo da kai in kana dubawa, amma da ka sauke kaya ka kawo min ita. Hayaƙin kuma zai bi ka har wajen gari kafin abin da ya taru a salansa ya ƙone. In ya wuce haka bai daina ba, ka kira ni. Awo kuma da safe, a ƙofar gida, kafin ka tayar. Ƙofar gidanka a daidaice take?"

"Daidai take. Halimatu ma can take shanya kifi."

"To a gaban Halimatu za ka riƙa yi, ita ta fi ka ido."

"Kai kuma ranar da za ka tsallake gyaran injin ban ruwa, ni zan raka ka bakin jirgi in gaya wa Ya'u ya bi da kai ta tsakiya."

"Ka ga irin godiyar mutanen ruwa ko? Kawo mazurari. Man nan sabo ne kusan duka, in ya kwanta na tace maka shi a jarka mai tsabta. Zan kuma wanke gaban injin don mu san iyakar inda yake ɗiga. Ba ni ɗan lokaci."

"Hajiya fa? Ta cika ta batse yanzu."

"Wannan aikinka ne. Ni inji na iya."

Arzika ya wanke hannu da ƙasa da ɗan ruwan buta, ya gyara hularsa. Ya ratsa ta tsakanin tabarmin shinkafa, ya shiga layin masu gishiri, ya nufi bakin ruwa a ƙafa don ya gaya wa 'yan dako su fara fito da buhuna daga jirage.